Yankakkiyar Jarkar Audu Mai Taru

Ajiye jarkar nan inda kika ɗauke ta. I, da ke nake, mai sabuwar farar riga. Na ga kin kama ta da yatsa biyu kina yatsina fuska, za ki kai ta kwandon shara. Na san tsohuwa ce, na san an yanke mata kai, na kuma san har gobe in ka kai hanci kusa za ka ji ƙarnin kifi. Mayar da ita gefen taga. Ku kuma ku matso, tunda layi bai fara ba, in gaya muku yadda ta shigo ɗakin magani.

Sunana Saratu, ko da yake duk bakin ruwan nan Malama kawai suke ce mini. Na yi ritaya, amma ga ni kuna ganina duk ranar kasuwa. 'Ya'yana sun ce in zauna gida in huta. Na gwada, Allah ya sani. Kwana uku ina share tsakar gida sau huɗu a rana, a na huɗu na ɗauki takalmina na taho. Jiya ina bayan labulen can na ji kuna cewa aikin tagar magani ba aiki ba ne, wai likita ya rubuta, kai ka ƙirga, ka zuba a ambulan, ka miƙa. Tabɗi! Ni ma haka na ɗauka ranar da na fara.

Ni 'yar tudu ce. A ƙauyenmu, can cikin duwatsun ƙasar Ngaski, dawa da gero muka sani. Ruwa kuwa sai na rijiya, sai kuma wani rafi da ke bayan gari, wanda in ya cika da damina ba ya tambayar gonar wa zai ci. Ina ƙarama ya tafi da rabin gonar babanmu da akuya biyu a wuni ɗaya. Tun daga ranar, in na ji an ce ruwa ya hau, gabana faɗuwa yake yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ya koya mini aiki Malam Bawa ne, wani dogon dattijo da ba ya dariya kafin azahar. Kayan aikinsa ba su da yawa: farantin ƙirga magani, ɗan siririn ƙarfen da ake tura ƙwayoyin da shi biyar-biyar, ambulan, biro ja da shuɗi. Wata guda cur bai bar ni na taɓa magani ba. Zane kawai nake yi a bayan ambulan, rana don safe, jinjirin wata don yamma, sanda ɗaya ko biyu don yawan ƙwaya, saboda mafi yawan masu zuwa tagarmu ba boko suke karantawa ba. In ranata ta yi kama da ƙwai sai ya yaga ambulan ɗin ya miƙo mini wani. Da ya yarda na fara miƙa magani, doka ɗaya ya kafa mini. Ya ce, "Saratu, kada mutum shi bar tagarki sai ya maimaita miki abin da kinka hwaɗa mashi. Amma da bakinshi, ba da naki ba." Na ce to, na ji. Ashe rabi na ji.

Duk cikin magungunan da ke kan kantar nan, na zuciya da na hawan jini su suka fi ba ni wuya. Maganin zazzaɓi ka ba mutum, kwana uku ya dawo yana sa maka albarka. Wannan kuwa mutum zai zo lafiyarsa ƙalau a ganinsa, ka ba shi magani, ya koma gida ƙafa ta kumbura ko tari ya kama shi, sannan ka ce masa ya ci gaba da sha har iya rayuwarsa. Wa zai yarda da kai cikin sauƙi?

Akwai Inna Kulu, mai bandar kifi a bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Likita ya rubuta mata lisinofiril. Bayan mako uku sai ga ta da wani busasshen tari, ba majina, ba zazzaɓi, sai ƙaiƙayin maƙogwaro kawai. Da farko aka ce hayaƙin banda ne. Da ya ƙi tafiya sai aka fara raɗe-raɗin tarin fuka, har aka ware mata kofi da kwano a gida, masu sayen kifinta suka fara ja da baya. Ta zo tagata tana rufe baki da gefen mayafi, wai in ba ta maganin tari. Na ce ta nuna mini abin da take sha. Ina ganin ambulan ɗin na ce, "Inna, tashi mu koma wurin likita." Aka duba ƙirjinta ba a ga komai ba, aka canza mata magani, cikin 'yan makonni tari ya ɗauke. Ku sani, wannan maganin yana sa wasu tari, ba a kuma ba mai ciki. In kuwa kuka ga leɓe ko harshe ya kumbura, ba zancen a dawo gobe, a ranar za a tsayar da shi a kai mutum wurin likita. Masu ciki metildofa aka fi ba su, shi kuma barci yake sa su, sai ka ji miji yana ƙorafin matarsa ta zama raguwa.

Sai wani ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin nan Wara da ƙauyuka. Sau uku yana zuwa ya tsaya a gindin bishiyar can yana murza makullin babur, in na ɗago kai ya kau da fuska. Atenolol yake sha, saboda zuciyarsa na gudu fiye da ƙima. Maganin yana rage mata sauri, amma yana sa kasala, hannu da ƙafa su yi sanyi, wasu mazan kuma ya taɓa musu harkar iyali. To, ta yaya zai buɗe baki ya gaya wa mace wannan? Na leƙa na ce, "Ɗana, shiga wurin likita, namiji ne ɗan'uwanka, ka gaya masa komai. Amma kada ka kuskura ka yar da maganin nan rana ɗaya, a hankali ake janye shi." Ya sunkuyar da kai ya shiga. Shi atenolol in an yanke shi farat ɗaya zuciya na iya zabura, ba a kuma ba mai asma. Duk wannan ba a rubuce yake a jikin takardar likita ba, a fuskar mutum za ku karanta.

Malam Audu Mai Taru ba don jini ya fara zuwa ba. Ƙugiya ce ta shige masa babban yatsa. Masunci ne daga wani tsibiri da ke tsakiyar ruwa, ƙaƙƙarfan mutum, baƙi wuluk, wanda ake cewa in ya kama igiyar taru, wato babbar ragar nan da ake ja daga gaɓa, mutum uku ke tsayawa a ɗaya gefen. Aka cire ƙugiya bai ko motsa ba. Kafin ya fita likita ya ɗaura masa abin awon jini, ya matsa famfo, ya saurara, ya sake, ya sauya hannu ya sake. Lambar sama ta awon ta haura ɗari biyu. Aka zaunar da shi ya huta, aka sake awo, bai sauko wani abin kirki ba. Likita ya rubuta amlodifin da maganin fitsari, ya turo shi tagata.

Ya tsaya yana jujjuya ambulan. Ya ce, "Malama, yatsa ka ciwo. Wanga na mi na?"

Na ce na hawan jini ne.

"Ni ba ni jin ciwon komi. Jiya ni kaɗai na jawo jirgi bisa tudu."

Na yi masa bayanin jijiyoyi kamar yadda aka koya mana, yana kallona kamar ina yi masa Turanci. Layi ya yi tsawo a bayansa, rana ta yi zafi, ni kuma ba ni da haƙurin jira tun asali. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce a raina, mutumin ruwa ne, bari in yi masa magana da ruwa.

Na ce, "Malam Audu, ka san gulbi in ya hau?"

Ya yi dariya har haƙoransa suka fito. "Ke 'yar tudu za ki tambaye ni gulbi?"

"To jininka haka ya yi. Ya hau, ya cika maƙil, yana dukan gaɓa. In an bar shi zai karya wani wuri. Maganin nan za ka riƙa sha kullum don ya sauka."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Au, awa gulbi? To ai sai ki hwaɗi haka tun ɗazu. Na gane."

Na ce ya maimaita mini. Ya ce, "Fari ƙarami da sahe, mai sa fitsari shi ma da sahe. Jini awa gulbi na, ya hau, muna sha har shi sauka." Na ce madalla! Har wani daɗi na ji, ina ganin na samo makullin masunta. Malam Bawa ya riga ya yi ritaya a lokacin. Da yana nan, na tabbata da ya ɗago kai daga farantinsa ya ce a sake.

Wata shida Malam Audu bai saɓa ba. Duk ranar kasuwar farkon wata zai shigo da ƙullin busasshen kifi a hannu, in ce ba na karɓa, ya ajiye ya yi kamar bai ji ba. Matsalolin maganin duk mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mai sa fitsarin nan ba ya barin alwalarsa ta zauna, na ce ya sha bayan sallar asuba, kafin azahar ƙarfinsa ya ragu. Ya ce in ya miƙe da sauri a jirgi yana ganin jiri, na ce ya riƙa tashi a hankali, ya kuma sha ruwa sosai in rana ta buɗe. Wata rana ya zo idon sawunsa a kumbure, ya ce wanzami ya ce mataccen jini ne, za a yi masa ƙaho. Na danna wurin da yatsa, ya lotsa. Likita ya duba ya ce amlodifin ne ke yin haka, ba ƙoda ba ce, ba kuma wani abu ya taka ba, ya riƙa ɗaga ƙafa in ya zauna. Na hana shi jajayen ƙwayoyin ciwon jikin nan da masu talla ke yawo da su a tire, don suna tayar da jini. Na aika wa matarsa Hajo cewa ta rage gishiri da dunƙule da kanwa. Ya ce na raba shi da daɗin duniya, amma ya bi.

Ana shiga bazara ya zo awo. Likita ya cire abin saurare daga kunne yana murmushi. Da Malam Audu ya iso taga na duba katinsa, sai da na tafa hannu.

"Ya sauka, Malam Audu! Jininka ya sauka!"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Daidai lokacinshi kuwa. Gulbi ma ya hwara janyewa."

Na yi dariya, na ɗauka barkwancinsa ne na kullum. A lokacin ana ta cewa magani zai yi ƙaranci, ga shi kuma na san in ruwa ya janye mutanen tsibiri kan duƙufa noman albasa a gaɓar da ta buɗe. Sai na roƙi likita ya rubuta masa na wata biyu. Na miƙa masa na ce, "Ga shi, ka riƙe maganinka da kyau." Ya ce in sha Allahu zai riƙe.

Wannan ita ce muguwar shekarata a aikin nan. Ruwa ya ja baya da wuri, ya bar kududdufai, mutane suka riƙa sha daga ciki. Amai da gudawa suka ɓarke a ƙauyukan bakin ruwa. Aka yi wa likitanmu canjin wurin aiki, wanda zai maye gurbinsa bai iso da wuri ba. Tun safe har la'asar ina haɗa ruwan gishiri da suga, ina gudu tsakanin taga da ɗakin kwanciya, ƙafata ba ta taɓa kujera. Magungunan jini kuwa suka yanke kamar yadda aka faɗa. Wanda ya zo sai in rubuta masa suna a takarda in ce ya nema a Yelwa.

Duk da haka Malam Audu na raina. Wata biyu suka cika bai zo ba. Na uku ya kama. Ranar kasuwa ina ƙirga magani ina leƙen hanyar kwata, har na ƙirga wa wata mata sau uku ina ɓata lissafi. Da na kasa daurewa na bar taga na gangara wurin Inna Kulu, don a tsibirinsu take sarin kifi. Na ce in ta je ta tambayar mini shi. Mako na zagayowa ta kawo amsa.

"Ya ce a gaishe ki da kyau. Wai ruwa ya sauka, sai ya dawo za shi zo."

Kun ji saƙon? Ni ma na ji shi da kunnena. Na ce a raina, ai gaskiyarsa, ruwa ya yi ƙasa, jirgi na kafewa a yashi, ga aikin albasa, wataƙila a Yelwa yake saya in ya kai kifi. Na koma bakin aikina. Hankalina bai kwanta ba, amma ban sake aikawa ba.

Da azahar aka kawo shi, ana gab da faɗuwar damina. A amalanke aka turo shi daga kwata, Hajo na bin baya ba ko takalmi. Yana cikin jan taru, in ji waɗanda suka kawo shi, sai igiya ta zame daga hannunsa na dama, ya tsaya yana kallon hannun, sannan ya zube. Bakinsa ya karkace, yana son magana sai wani gurnani ke fita. Wani na ƙoƙarin ɗura masa ruwa, wani ya ciro asfirin daga aljihu wai an ce yana tsinka jini. Na daka musu tsawa. Mutumin da ba ya iya haɗiya ba a zuba masa komai a baki. Asfirin kuma, in jijiya ce ta fashe a kai ba toshewa ta yi ba, ƙara ɓarna zai yi, mu kuwa a nan ba mu da abin da za mu gane wanne ne. Ko mai lafiya ba haka kawai ake ba shi ba, yana iya cin ciki har bayan gida ya koma baƙi. Muka kwantar da shi ta gefe, muka nemo mota, aka wuce da shi babban asibiti a Yelwa.

Ya rayu. Bayan kamar wata guda aka sallame shi, aka mayar da shi tsibiri. Sai ga Hajo a tagata wata safiya, ta ajiye wata baƙar leda ta ce, "Malama, wanga na da sauran amfani, ko ya lalace?" Na kwance. Ambulan huɗu ne, da zanen ranata a bayan kowanne. Maganin wata biyun nan ne, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba.

Na ce, "Hajo, a ina wannan yake?"

"Rataye ga rufin ɗaki, cikin burgami. Ya ce ke kinka ce shi riƙe da kyau. Shina jiran ruwa shi dawo."

Duk watannin nan da nake tura mutane Yelwa neman magani, nasa na rataye a saman kansa.

Kwana biyu na kasa cin abincin kirki. A na uku na ce wa Inna Kulu ta tafi da ni. Ta dube ni sama da ƙasa, don duk garin nan an san shekara da shekaru ina aiki a bakin ruwa amma ban taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Na shiga ina karanta duk addu'ar da na iya. Ba mu yi nisa ba na ji sanyi a tafin ƙafata, na duba, ruwa ne a cikin jirgin. Na ƙwala ihu. Mai jirgin ko kallona bai yi ba, ya sa hannu ya ɗauki wata yankakkiyar jarka ya kwashe ya watsar, ya ci gaba da hirarsa. Can an jima ya sake. Haka ya yi ta yi har muka isa, ni kuwa na ƙanƙame katako da hannu biyu.

Na same shi zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, an jingina shi da buhun albasa. Ya rame. Hannun daman na kwance a cinyarsa. Maganarsa ta dawo, amma a hankali take fita, wani wurin sai Hajo ta ƙarasa masa. Da ya gan ni sai ya yi murmushi da rabin baki.

"'Yar tudu... cikin jirgi? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

Na durƙusa na gaishe shi. Na yi niyyar in bi a hankali, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Malam Audu, don me ka daina sha?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na faɗa ba. "Ke kinka ce awa gulbi na."

"Na ce."

"Kuma ke kinka ce ya sauka."

"Na ce, amma..."

"To Malama, wa ka ba gulbi magani? Shina hawa lokacinshi, shina sauka lokacinshi. Farin ruwa shi zo da damina, baƙin ruwa shi biyo baya, bazara ta yi shi janye. Tun kakannina haka. In ya sauka sai ka aje kayan babban ruwa, ka jira shi dawo. Ni na aje. Ina jira."

A nan na gane abin da na yi. Ni da na ce gulbi, rafin bayan garinmu nake gani, wanda ya ci gonar babana, abin tsoro da ake tarewa. Shi kuwa da ya ji gulbi, abokin zamansa ya ji, mai zuwa da tafiya da kansa. Kalma ɗaya muka faɗa, ya kuma maimaita mini ita daidai, amma da bakina ya maimaita. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Laifina ne. Ba gulbi ba ne. Ni ce ban san ruwa ba, na yi maka misali da shi. Maganin ne ya saukar da jinin, kuma shi ke riƙe da shi a ƙasa. Da ka daina sai ya koma."

Hajo ta tashi ta shiga ɗaki, ina jin tana jan hanci. Can ya ce, "Wato ramin na nan? Ba shi toshewa?"

Ban gane ba. Na ce wane rami?

"Jirgin da kinka zo cikinshi, ba ki ga ana kwasar ruwa ba?"

Na ce na gani, har na yi ihu.

"Kowane jirgi in ya tsufa shina yoyo. In ka ga cikinshi a bushe, ba ramin ya toshe ba, mai jirgin na bai huta ba. Ran da ya ce ai ya bushe ya aje jarka, ran nan za shi nutse." Ya tsaya ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Haka kika nuhi?"

Na ce haka nake nufi. Shekara nawa ina karatu ina aiki, ban taɓa iya faɗinsa haka ba.

Ya kira Hajo, ya ce ta je wurin jirginsa. Jirgin na can a kife a kan yashi, an ɗora masa duwatsu. Ta dawo da wannan jarkar da kika so ki yar. Ya karɓa da hagu, ya jujjuya ta, ya miƙo mini.

"Tahi da ita. Ki aje ga tagarki. Duk mutumin ruwan da ya zo, kada ki yi mashi zancen gulbi, ki nuna mashi wagga."

Na ce ai zai buƙace ta in ya samu sauƙi.

Ya dubi hannun da ke cinyarsa. Ya ce, "Malama, da wagga kinka nuna min ranar ƙugiya, da yanzu ina cikin ruwa."

Na rungume jarkar na shiga jirgi, har muka iso gaɓa ban ko tuna da tsoro ba.

Tun daga ranar, duk wanda aka rubuta wa maganin jini, in masunci ne, sai na ɗora jarkar nan a gabansa na tambaye shi aikinta. Shi zai yi mini bayani, ba ni ba. In ya gama sai in tura masa ambulan in ce to ga taka. Kalmar nan kuma ta "ya sauka" na cire ta daga bakina. Ina cewa maganin na aiki, kada a ajiye. In manomi ne daga tudu, sai in nemi nasa abin a bakinsa, ba na ƙara ara wa mutum misali daga inda ban taɓa zama ba. Wannan ne ma ke hana ni zaman gida. In na kwanta da rana sai in riƙa tunanin wa ke taga yanzu, me ya gaya wa wa, shi kuma wancan me ya ji.

Malam Audu ya ƙara shekara shida a duniya. Hajo ke ɓallo masa magani kowace safiya, ya karɓa da hagu, bai tsallake kwana ɗaya ba. Yakan sa a kai shi bakin ruwa ya zauna yana kallon masu jan taru, yana yi musu faɗa in sun saki igiya. Shi dai bai sake kama ta ba.

Ga layi can ya fara. Wancan dattijon mai hular saƙa na gaba, daga tsibiri yake, na gane shi da tafiyarsa. Ke mai sabuwar riga, ke za ki sallame shi. Ɗauko jarkar. Ba da yatsa biyu ba, kama ta da hannu sosai.